Fihirisar Rumbunan Manhaja, Daga White Sands Zuwa Shafin Yanar Gizo

Ga wani suna, mai karatu: PKZ204G.EXE. Wanda ya taso da wayar Android a hannu zai ɗauka lambar mota ce. Amma daga 1993 zuwa ƙarshen shekarun casa'in, da wuya a sami mai kwamfuta irin ta IBM da bai nemi wannan fayil ba, domin a cikinsa manhajar PKZIP ta Phil Katz take, wadda ke kwance fayilolin da aka matse aka ƙulle wuri guda. In ba ka da ita, yawancin abin da ka sauko da shi yana nan a ɗaure kamar buhun da ba a farke ba. To amma me sunan ya gaya maka? Ba komai. Tsarin MS-DOS bai yarda sunan fayil ya wuce harafi takwas ba, sai ɗigo, sai wasu haruffa uku. A cikin wannan ɗan fili mai manhaja zai cusa sunan kayansa da lambar fitowarsa. Yanzu ka ɗauka akwai irin waɗannan sunaye dubu goma, an jera su a kan baƙin allo, kai kuma kana neman abin da zai koya wa ɗanka lissafi. Ta ina za ka fara?

Tarihin intanet da aka saba ba mu na masu ƙirƙira ne da masu kuɗi. Akwai wasu mutane da ba a cika ambatonsu ba, waɗanda aikinsu shi ne su buɗe fayil, su duba abin da ke ciki, su rubuta layi guda na bayani, su ajiye shi inda ya dace. Su ne suka mai da tarin kaya kasuwa mai layi-layi, kuma daga aikinsu ne shafukan fihirisa na yanar gizo suka samo asali.

Kafin zuwan yanar gizo, hanyar ɗauko fayil daga kwamfuta mai nisa ita ce wadda ake kira FTP. Abhay Bhushan, ɗan asalin Indiya da ke cibiyar MIT a Amurka, shi ya fara rubuta ƙa'idojinta a 1971, sannan a 1985 Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da fasalin da aka daɗe ana aiki da shi. Jami'o'i da cibiyoyin bincike suka ɗauki wata kyakkyawar al'ada: su ware wani sashe na kwamfutarsu su bar shi a buɗe ga kowa. Baƙo zai rubuta kalmar anonymous a gurbin suna, wato marar suna, ya sa adireshinsa na imel a gurbin kalmar sirri, kamar dai mai yin sallama a zaure. Daga nan sai lalube. Ka rubuta umarni ka shiga folda, ka rubuta wani ka ga jerin abin da ke ciki, ka koma baya, ka sake faɗawa wata. In kuma ka manta ba ka shaida wa na'urar cewa manhaja za ka ɗauko ba, sai ta ɗauke ta a matsayin rubutu, fayil ɗin ya iso a lalace, ba kuwa za ka sani ba sai ka gama jira.

Rumbun da ya fi suna a wancan zamani shi ne Simtel. Keith Petersen, mutumin jihar Michigan, ya fara tara manhajojin tsarin CP/M a ƙarshen shekarun 1970 a kan wata kwamfuta ta MIT. Da wurin ya gagara a 1983, sai Frank Wancho, wanda ke aiki a sansanin gwajin makamai masu linzami na White Sands a hamadar New Mexico, ya nema wa tarin masauki a wata babbar kwamfuta ta sojan Amurka mai suna SIMTEL20. Shekara goma cur ɗalibai da malamai daga ƙasashe barkatai suna ɗibar manhajojin kyauta daga na'urar soja, abin da in aka faɗa yau sai a ce zolaya ce. Da MS-DOS ya mamaye kasuwa, sashensa ya zama mafi girma a rumbun.

Abin da ya ɗaga Simtel sama da sauran shi ne tsari. An rarraba kaya folda-folda bisa amfaninsu, na rubutu daban, na zane daban, na sadarwa daban, kuma a kowace folda akwai wani ɗan fayil mai suna 00_index.txt. In ka buɗe shi za ka ga sunan kowane fayil, da nauyinsa, da kwanan watansa, da layi guda da ke cewa ga abin da yake yi. Sifilin nan guda biyu da ke farkon sunan dabara ce. Kwamfuta tana jera sunaye bisa lambar da kowace alama ke da ita, alƙaluma kuma suna gaban haruffa, don haka fayil ɗin da ya fara da 00 shi ke hawa saman jeri, shi ido zai fara faɗa wa. Saboda irin wannan dalili ne ake rubuta README da manyan baƙaƙe, tunda a tsarin Unix manya suna gaban ƙanana. Ba a da hoto, ba a da launi, ba a da maɓallin latsawa, sai aka yi amfani da tsarin jeri kansa aka kafa allon sanarwa a bakin ƙofa.

Rumbuna da yawa ba su kai ga wannan ba. Abin da suke yi shi ne su sa kwamfuta ta zayyano sunan duk abin da ke cikinta, folda bayan folda, su matse jerin su ajiye shi da suna ls-lR. Ya fi babu, amma sunaye ne zalla. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin masu tura waƙoƙi da fina-finai a katin waya a kasuwar Maraɗi ko Damagaram ya san wannan yanayi. Kwamfutar cike take maƙil, amma fihirisar tana cikin kan yaron da ke zaune gabanta. Ranar da bai fito ba, mai shagon da kansa sai ya yi ta buɗe folda yana rufewa, mai saye na tsaye.

Kada a ɗauka son jiki ne ya sa ake neman bayani. Kuskure a lokacin tsada gare shi. Modem mai gudun 2400, wanda ya zama ruwan dare a ƙarshen shekarun 1980, yana cin fiye da awa guda kafin ya sauke megabait ɗaya. Mai gudun 14,400 da ya biyo baya yana cin minti goma da wani abu. Duk tsawon lokacin layin tarho a riƙe yake, kuɗi na tafiya. Ga shi kuma manyan rumbunan suna ƙayyade yawan baƙin da za su shiga a lokaci guda, suna roƙon mutane su bari sai bayan an tashi aiki a ƙasar da kwamfutar take. Ka sha wahalar samun shiga, ka jira awa guda, ka buɗe ka tarar ba abin da kake nema ba ne: wannan shi ne abin da layin bayani guda ɗaya yake kare mutum daga gare shi.

Waɗanda suka fi kowa buƙatar wannan layi su ne masu imel kaɗai. An yi wasu na'urori, irin su BITFTP na Jami'ar Princeton da ftpmail na kamfanin DEC, waɗanda za ka aika wa wasiƙa mai ɗauke da umarni, su je rumbu a madadinka, su ɗauko fayil ɗin, su yayyanka shi gunduwa-gunduwa su aiko maka cikin wasiƙu da dama, kai kuma ka harhaɗa. Mai bin wannan hanya ba shi da damar leƙe-leƙe. Dole ya san ainihin sunan fayil da ainihin foldar da yake ciki kafin ya aika, in ya kuskure harafi ɗaya sai amsa ta dawo masa da haƙuri bayan sa'o'i ko kwana. Saboda haka wasiƙarsa ta farko ta neman fihirisa ce. A nan ne labarin ya taɓo yankinmu. A farkon shekarun 1990 galibin ƙasashen Afirka ta Yamma imel kawai suke da shi, shi ma a hannun ƴan tsiraru. Cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM ta shimfiɗa wata hanyar imel mai suna RIO da ta haɗa ofisoshinta a birane irin su Dakar, Bamako, Wagadugu da Yamai, saƙonni suna taruwa a tura su ta layin tarho lokaci-lokaci. Gana ba ta samu cikakken haɗi da intanet ba sai 1995, Nijar kuwa sai bayan haka. Duk mai binciken da ke zaune a irin wannan wuri yana son manhaja daga Simtel, to, ta wasiƙa zai nema ko ya jira faifai.

Su wa ke rubuta bayanin? Mutane ne ƴan kaɗan, yawancinsu kuma ba shi ne aikin da ake biyansu albashi a kai ba. Rumbun Garbo na Jami'ar Vaasa a Finlan, wanda masu MS-DOS ke sawa kusa da Simtel a daraja, Timo Salmi ne ya fi kowa tsaya masa, shi kuwa farfesa ne na fannin akanta da harkar kuɗi. Kayan da aka aiko ba sa shiga rumbu kai tsaye. Suna sauka a wata foldar jira, mai kula ya duba ko suna aiki, ko akwai ƙwayar cuta, ko mai su ya yarda a raba, sannan ya ba su wuri. Mu ma'aikatan rediyo mun san darajar irin wannan mutum. Kowace tasha tana da tarin kaset da faya-fayai na hirarraki da waƙoƙin da ba za a sake samun irinsu ba, kuma wanda aka rubuta suna da kwanan wata a bayansa shi kaɗai ke komawa iska. Sauran suna nan, amma kamar babu su.

Ikon mai kula da rumbu ya kai inda ba a zato. A watan Satumba na 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya so ya ɗora sabon tsarin da ya rubuta a rumbun FUNET, cibiyar sadarwar jami'o'in Finlan. Sunan da ya zaɓa wa aikinsa shi ne Freax. Ari Lemmke, ɗaya daga cikin masu kula da rumbun, bai ga kyan sunan ba, sai kawai ya buɗe folda ya sa mata linux. Sunan da mai tsaron rumbu ya rubuta a ƙofa shi ne duniya ta riƙe, shi ne kuma ke ƙarƙashin kowace wayar Android a yau.

Da kaya suka yi yawa, mutum ɗaya ya kasa rubuta wa kowa bayani, sai aka juya nauyin kan masu kawowa. Aminet, rumbun masu kwamfutar Amiga da Urban Müller ya jagoranta daga Suwizalan tun 1992, ya sa doka cewa kowane fayil ya zo da ɗan rakiyarsa, wata gajeriyar takarda mai layin taƙaitawa da sunan mai ɗorawa da sashen da ya dace. Masu allunan sadarwa na tarho, waɗanda ake kira BBS, suka saba da cusa wani fayil mai suna FILE_ID.DIZ a cikin ƙullin kansa, don bayanin ya riƙa bin kayan duk inda suka je. A rumbun SunSITE na Jami'ar North Carolina, wanda aka buɗe a 1992 ya zama babbar matattarar manhajojin Linux, sai ka cika wani fom da ake kira LSM: sunan manhaja, lambar fitowa, bayani, kalmomin nema, marubuci, mai kula da ita yanzu, inda asalinta yake, da sharaɗin rabawa. In babu fom, kayanka ba su wuce foldar jira. Wannan fom ɗin ya kamata a riƙe shi a zuci, domin zai dawo.

A gefe guda kuma an tunkari matsalar ta wata fuska. Ko da kowane rumbu yana da fihirisarsa, rumbunan kansu sun kai ɗaruruwa. Alan Emtage, ɗan tsibirin Barbados da ke karatu yana kuma kula da kwamfutoci a Jami'ar McGill ta Montreal a Kanada, an ɗora masa neman manhajojin kyauta don sashensu. Da ya gaji da bin rumbu ɗaya-ɗaya, sai ya rubuta ƴan umarni da ke zagayawa da dare suna kwaso jerin sunaye suna tarawa wuri guda. Shi da Peter Deutsch da Bill Heelan suka buɗe wa jama'a wannan tari a 1990 da suna Archie, wato kalmar Ingilishi ta ma'ajiya da aka cire wa harafi ɗaya. Ana yawan kiransa injin bincike na farko a intanet, kuma ya cancanta. Sai dai ƙarfinsa a kan sunaye yake. In ka san kana neman pkz204g, Archie zai gaya maka rumbuna nawa ke da shi da inda yake a kowane. In kuwa abin da ka sani kawai shi ne kana son manhajar da za ta kwance maka ƙulli, to, da sauran tafiya. Gopher, wanda ƙungiyar Mark McCahill ta fitar a Jami'ar Minnesota a 1991, ya kawo jerin zaɓi mai cikakkun kalmomi da mutum zai bi da maɓallin kibiya, ya kuma yi farin jini na ɗan lokaci. A farkon 1993 jami'ar ta ce za ta riƙa karɓar kuɗi daga wasu masu amfani da manhajarta. A ranar 30 ga Afrilun shekarar kuma cibiyar CERN ta saki fasahar yanar gizo kyauta ga kowa. Daga nan aka san inda ruwa zai gangara.

Shekarar 1993 ɗin ce dai burauzar Mosaic ta fito daga cibiyar NCSA a Illinois, ita ce kuma shekarar da sojan Amurka suka kashe SIMTEL20. Tarin bai mutu ba, domin akwai madubai, wato kwamfutocin da ke riƙe da kwafinsa, irin na Jami'ar Oakland a Michigan da na Jami'ar Washington a St. Louis, ga kuma kamfanin Walnut Creek CDROM da ke buga shi a faifai yana sayarwa.

Da farko yanar gizo ba ta warware komai ba. Mosaic tana iya shiga rumbun FTP ta nuna sunaye a matsayin abin latsawa, an huta da rubuta umarni, amma sunayen nan dai su ne, masu harafi takwas. Manhajojin da ke riƙe shafuka, na NCSA da Apache da ya gaje shi a 1995, su ma suna da wata dabara: in folda ba ta da shafin gaba, sai su ƙirƙiro ɗaya nan take mai kanun Index of, da ginshiƙin suna, da na kwanan wata, da na nauyi, da na bayani. Har gobe ana cin karo da irin wannan shafi. Mai karatu ya lura in ya sake ganinsa: ginshiƙin bayani kusan kullum fayau yake. Na'ura tana iya ƙirga nauyi ta karanta kwanan wata, amma sai mutum ya zauna ya cika na ƙarshen.

Rumbunan da suka riga suka tara bayani su suka ci ribar sabon zamani. Abin da ya rage musu kawai shi ne ɗan shiri da zai karanta tsofaffin fihirisoshi ya zuba su cikin shafi, kowane suna ya zama mahaɗi, bayaninsa na gefensa. A SunSITE fom ɗin nan na LSM shi ya zama abincin shirin, aka wayi gari kowace folda ta sashen Linux tana da shafi mai suna !INDEX.html. Alamar motsin rai da ke gaba tsohuwar dabarar nan ce, domin tana gaban alƙaluma ma a jeri. Masu Macintosh suka sami HyperArchive a MIT, wanda ya ɗora fuskar yanar gizo a kan rumbun Info-Mac na Stanford tare da taƙaitaccen bayanin kowane fayil. Masu tsarin buga littattafai na TeX suka sami kundin da Graham Williams ya tsara wa rumbunsu na CTAN. CPAN, rumbun masu harshen Perl da Jarkko Hietaniemi ya buɗe a watan Oktoba na 1995, ya zo da fihirisa ta hanyoyi da dama, bisa marubuci, bisa suna, bisa fanni, don kowa ya shiga ta ƙofar da ya sani.

Akwai wata ƙa'idar aiki a nan da nake ganin ta fi kowace hikima. Waɗannan shafuka fayiloli ne na yau da kullum, suna zaune a folda ɗaya da kayan da suke bayani a kai, mahaɗansu kuma suna nuna maƙwabci ne kawai, ba su ambaci sunan wata kwamfuta ba. Saboda haka in madubi a Jamus ko Ostareliya ko Afirka ta Kudu ya kwafi rumbu da dare, ya kwafo har da fihirisar, kuma tana aiki a can kamar yadda take aiki a gida. In an buga rumbun a faifai, fihirisar ta bi shi har garin da babu layin tarho. Ba ta buƙatar wata babbar na'ura a bayanta, kuma babu wanda ke riƙe da makullinta shi kaɗai.

Wasu kuma suka gina fihirisa a kan rumbunan da ba nasu ba. Žiga Turk, malami a Jami'ar Ljubljana ta Silobeniya, ya tattara fihirisoshin manyan rumbuna ya yi musu wurin bincike guda, inda ake neman kalma a cikin bayani, abin da Archie bai ƙware a kai ba. Kamfanin CNET ya karɓi wannan aiki ya mai da shi shareware.com a 1995, shekara guda bayan haka kuma ya buɗe Download.com. A garin Flint na Michigan, Scott Swedorski ya fara Tucows a 1993 don taimaka wa masu Windows su sami manhajojin shiga intanet. Shi ya ƙara wani abu: hukunci. Kowace manhaja ana gwada ta a ba ta maki da hoton shanu, daga saniya ɗaya zuwa biyar. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan ma'auni. Mai shanu biyar ya fi mai biyu, magana ta ƙare.

Wannan ci gaba ne na gaske, kuma bai kamata kewar tsohon zamani ta sa a raina shi ba. Mutumin da bai taɓa jin sunan FTP ba ya sami damar neman abin da yake so da kalmomin da ya sani. Amma wani abu ya sauya a ƙarƙashi. A da fihirisa baiwar rumbu ce, tana zaune a gefen kaya. Yanzu ta zama ƙofar da kowa ke bi, ƙofa kuwa ana iya kafa mata mai karɓar kuɗi. Shafi ya cika da talla. Aka fara ganin manyan maɓallan saukewa na ƙarya da masu talla ke sawa kusa da na gaskiya. A 2011 Download.com ya fara naɗe manhajojin mutane cikin wani shirin girkawa nasa da ke tallata wasu kayan da mai saukewa bai nema ba. A watan Disamba na shekarar Gordon Lyon, marubucin manhajar tsaro ta Nmap, ya fito fili ya yi tir da yadda aka yi wa tasa, har kamfanin ya ba da haƙuri. SourceForge, wanda tun 1999 ya zama gidan dubban manhajojin kyauta, ya shigo da irin wannan tsari a 2013. Masu manhajar zane ta GIMP suka kwashe kayansu suka bar shi a shekarar, a 2015 kuma suka tarar ana raba tasu ta Windows daga tsohon shafinsu a naɗe da talla ba da yardarsu ba. Sai da sababbin masu shi suka karɓa a 2016 aka soke tsarin.

Abin da aka sayar a nan amana ce da wasu suka tara. Mutane sun saba cewa in rumbu ya ce ga abin da fayil yake, to, haka yake, saboda shekara da shekaru akwai irin su Petersen da Salmi da ke dubawa kafin su rubuta. Wanda ya gaji ƙofar ya gaji wannan yarda, bai kuwa sha wahalar gina ta ba. Ni a nawa ganin, tambayar da ta kamata mai waya ya riƙa yi a yau game da Play Store da App Store ita ce wadda ta dace da Download.com a 2011: wa ya rubuta bayanin nan, wa ya duba shi, kuma me ya sa wannan manhaja ce a saman jeri? Ko kalmar fihirisa da muke amfani da ita ta zo mana ne ta Larabci, kuma malamanmu sun san littafin da Ibn al-Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya tsara da wannan suna a ƙarni na goma. Littattafai da yawa da ya lissafa sun ɓace, abin da aka sani game da su a yau shi ne abin da ya ga dama ya rubuta.

Tsofaffin rumbunan sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Simtel, wanda ya ƙare a hannun kamfanin Digital River, an kashe shi a watan Maris na 2013. A 2017 masu kula da cibiyar Linux da masu Debian suka rufe ƙofofinsu na FTP suka bar na yanar gizo. A 2021 Tucows ya rufe sashen saukewa, a shekarar ce kuma Chrome da Firefox suka daina fahimtar FTP gaba ɗaya, shekara hamsin bayan takardar Bhushan. Hobbes, rumbun masu OS/2 a Jami'ar Jihar New Mexico, ya kai har Afrilun 2024. SunSITE ya canza suna sau biyu, tun 2000 ake kiransa ibiblio.

Kayan da yawa sun tsira, mafi yawa ta hanyar madubai da faya-fayan Walnut Creek da masu sha'awa suka kwafa suka ɗora a Internet Archive, inda tarin Tucows ma yake. Wanda ya buɗe hoton ɗaya daga cikin faya-fayan Simtel a yau zai tarar manhajojin ba sa tashi a kwamfutarsa sai da wata dabara ta kwaikwayon MS-DOS. Fayil ɗin 00_index.txt kuwa rubutu ne tsura, kowace waya tana buɗe shi, yana nan a saman kowace folda da layukansa.